Daga Majigi Zuwa Dijital: Tarihin Hoto da Kaset a Zangon Abijan

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Matafiyin da ya bar Adar ko Gobir ko Katsina ya gangara Kurmi neman abin rufin asiri, idan ya aiko da saƙon baki cewa yana nan lafiya, akan karɓa ne da sauran wasi-wasi a zuci. Idan kuwa hotonsa ya iso, aka gan shi tsaye cikin sabuwar riga da agogo a hannu, sai hankalin mahaifiya ya kwanta. Wannan ne ya sa tarihin ci-rani a ƙarni na 20 ya cuɗanya da tarihin hoto da kaset na murya da na bidiyo, har ya zama da wuya a ba da labarin ɗaya a bar ɗaya.

Wannan maƙala ta dubi tarihin waɗannan kayan adana gani da ji a unguwanni biyu na birnin Abijan da ke ƙasar Kwaddibuwa, wato Adjamé da Treichville, inda Hausawa da sauran 'yan Nijar suka daɗe da kafa zango. Abin da tarihin ya nuna shi ne, galibi kowace sabuwar na'ura takan fi ta gabanta araha da sauƙin sarrafawa, amma abin da ta ajiye yakan fi saurin lalacewa. Yanzu an zo gaɓar da mayar da tsofaffin hotuna da kaset-kaset zuwa dijital ya zama tilas ga duk gidan da ke son jikokinsa su ga fuskar kakanninsu, su kuma ji irin Hausar da suka yi.

2.0 Yadda Hausawa Suka Isa Gaɓar Ebrié

Hulɗar Hausawa da wannan yanki ta girmi zuwan Turawa. Fataken goro da ke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja sun riƙa kaiwa har Bonduku, a arewa maso gabashin Kwaddibuwa ta yau, kuma yaƙin basasar Salaga na 1892 ya ƙara watsa su zuwa wasu kasuwanni. Sai dai gangarowa bakin teku da yawa ta biyo bayan ayyukan mulkin mallakar Faransa ne. A 1904 aka fara shimfiɗa layin dogo daga Abijan zuwa arewa. Ya isa Bouaké a 1912, Bobo-Dioulasso a 1934, Wagadugu kuma a 1954. Bai taɓa shiga Nijar ba, ko da yake a da yana ɗauke da sunanta, amma ya rage wa masu ci-rani rabin wahalar hanya.

A 1934 Abijan ta karɓi matsayin babban birni daga Bingerville. Turawa suka keɓe wa kansu unguwar Plateau, 'yan ƙasa da baƙi kuma suka taru a gefuna biyu: Adjamé daga arewa, da Treichville daga kudu, a tsallaken tafkin Ebrié. Treichville ta samo sunanta daga Marcel Treich-Laplène, ɗaya daga cikin Faransawan da suka share wa mulkin mallaka hanya. Kafin nan Anoumabo ake kiran wurin. Da aka buɗe mashigin ruwa na Vridi a 1950, manyan jiragen ruwa suka sami hanyar shiga tafkin, sai birnin ya buɗe baki yana neman ma'aikata. 'Yan dako da masu gadi da mahauta da 'yan tireda da dillalan albasar Galmi suka yi ta kwararowa. Har yau akwai shaidar wannan zama a bakin kowane ɗan Abijan, domin abincin nan na garin rogo da soyayyen kifi da ake kira garba ana cewa ya ɗauki sunansa ne daga 'yan Nijar da suka shahara da sayar da shi.

Adjamé ta zama mashiga da mafita. A can manyan tashoshin mota suke, kuma kewayen ofishin magajin gari, inda ake kira Adjamé Mairie, da babban titin Nangui Abrogoua, nan ne cibiyar hada-hadar kasuwa. Duk wani hoto ko kaset da za a aika Tawa ko Maraɗi ko Yamai, ta hannun direba ko ɗan'uwa mai komawa gida yake bi.

3.0 Treichville a Cikin Fim: 1957

Fitacciyar shaida mai motsi game da rayuwar 'yan ci-ranin Nijar a Abijan ita ce fim ɗin Jean Rouch mai suna Moi, un noir, wato "Ni, Baƙar Fata". Rouch Bafaranshe ne, injiniya da ya koma nazarin al'adu, ya kuma daɗe yana bin sawun matasan da ke barin Nijar zuwa bakin teku. Ya ɗauki fim ɗin a Treichville a 1957, ya kuma sami kyautar Louis Delluc a 1958. Jigonsa mako guda ne a rayuwar wasu samari: neman aikin yini a tashar jiragen ruwa, cin abincin bashi, dambe da rawa a ƙarshen mako, sallah, da begen gida. Wasunsu sun ari sunayen taurarin silima suka laƙaba wa kansu. Jagoransu, mai laƙabin Edward G. Robinson, shi ne Oumarou Ganda, Bazabarme haifaffen Yamai a 1935, tsohon sojan Faransa da ya yi yaƙi a Indocina.

Yadda aka yi fim ɗin ya cancanci a tsaya a kansa. Kyamarar Rouch ƙarama ce mai fim na milimita 16, wadda ake ɗaure wa zare kamar agogo, ba ta wuce kusan rabin minti tana aiki sai an sake ɗaurewa, kuma ba ta ɗaukar murya. Saboda haka hotunan sun fito bebaye. Bayan an harhaɗa su ne aka haska wa Ganda da abokinsa Petit Touré, suka riƙa kallo suna magana a kai: wannan wane ne, nan ina ne, me ke ransu a lokacin. Wannan maganar da aka ɗora daga baya ita ce ta ba fim ɗin rai. Ba don ita ba, da mai kallo zai ga samari ne kawai suna kai da komo a titi.

Ganda ya koma gida ya zama mai shirya fim na kansa. Fim ɗinsa Le Wazzou polygame shi ya fara cin babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu a 1972. Ya rasu a 1981, kuma akwai cibiyar al'adu mai sunansa a Yamai. Shi kuwa Rouch ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairun 2004.

4.0 Zamanin Mai Hoto da Albam

Fim irin na Rouch ya fi ƙarfin aljihun ɗan dako. Ko ƙaramin fim na gida mai suna Super 8, wanda kamfanin Kodak ya fitar a 1965, abin masu hali ne da ma'aikatan gwamnati. Abin da talaka ya iya mallaka shi ne hoton sutudiyo. Buƙatar farko ta hukuma ce, wato ɗan ƙaramin hoton katin shaida. Daga nan sai aka shiga na ado: mutum ya tsaya gaban labule mai zanen bene ko jirgin sama, ya dafa rediyo ko babur, sau da yawa na mai sutudiyon ne ya ara masa. A bayan hoton akan rubuta gaisuwa da ajami ko da boko, wani lokaci da kwanan wata, ga kuma hatimin sutudiyo. Wannan rubutu na baya yakan fi fuskar hoton amfani ga mai nazarin tarihi.

Akwai wata al'ada ta sana'ar da ta yi tasiri a kan abin da ya saura. Mai hoto yakan ba abokin ciniki hoton takarda, ya riƙe nagatif a wurinsa, don in ana son ƙari a dawo masa. Ke nan ainihin taskar tarihin unguwa tana cikin kwalayen sutudiyo ne. A shekarun 1980 ɗakunan wankin hoto mai launi masu aiki da inji suka shigo, masu hoton yawo suka yawaita, kasuwar tsofaffin sutudiyo ta fara ja da baya. Karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairun 1994 ya ninka tsadar fim da takarda da sinadaran da ake shigowa da su. Sutudiyo da yawa suka rufe, kuma idan shago ya koma hannun mai wata sana'a, kwalayen nagatif su ne farkon abin da ake fitarwa.

Shi ma hoto mai launi da ya maye gurbin baƙi-da-fari bai kai shi ƙarko ba. Na baƙi-da-fari da azurfa aka zana surarsa, in an wanke shi da kyau yakan haura shekara ɗari. Mai launi kuwa rini ne hawa uku, kuma rinin ba ya koɗewa tare. Shi ya sa hotunan biki na shekarun 1980 sukan rikiɗe su yi ja-ja ko ruwan ƙasa. Albam mai shafi mai danƙo da rufin leda, wanda aka saya don kariya, shi ma yakan manne wa hoton har ya ɓata shi.

5.0 Zamanin Kaset

Kaset na murya, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya warware wa wanda bai yi karatu ba matsalar wasiƙa. Maimakon ya nemi mai rubuta masa, wanda zai ji sirrinsa, sai ya shiga ɗaki da rakoda ya gaida kowa da sunansa, ya faɗi abin da ya aiko da yadda za a raba, ya ba direba. A gida a taru a saurara, a juya bayan kaset ɗin ko a sami wani a mayar da amsa.

Bidiyo ya biyo baya. Kamfanin JVC na Japan ya fitar da tsarin VHS a 1976, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1980 mai ɗaukar bidiyo ya zama ɗaya daga cikin waɗanda ake gayyata wurin sha'ani. Ɗaurin aure da suna da walimar saukar Alƙur'ani da tarben alhazai da naɗin sarauta a zango duk sun shiga kaset. Kaset ɗaya yakan ci awa uku, don haka mai ɗauka ba ya rowa: yakan bi layin mahalarta fuska bayan fuska, ya ɗauki kirarin maroƙi da addu'ar liman da hirar da ake yi a gefe. Abin da a lokacin ake ganin tsawaitawa ne, shi ne yau ya zama dukiya. Ta wannan hanya kuma finafinan Hausa suka isa zangon Abijan, bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990.

Akwai wani ƙulli na fasaha da ya shafi Hausawa musamman, domin iyakar mulkin mallaka ta ratsa har cikin akwatin talabijin. Kwaddibuwa da Nijar sun bi tsarin launi na Faransa mai suna SECAM, Nijeriya da Gana kuma suka bi PAL. Kaset ɗin da aka ɗauka a Kano, in an sa shi a na'urar da ta san SECAM kaɗai, sai ya fito ba launi. Wannan ya sa na'ura mai karɓar tsari fiye da ɗaya ta yi farin jini a zango, kuma har yau mai son juyar da kaset ɗin gida ɗaya yakan tarar da tsarin biyu a akwati guda.

Daga ƙarshen shekarun 1990 faifan CD na bidiyo da DVD suka ture kaset, daga baya wayar hannu ta ture su. Kasuwar kayan lantarki ta Adjamé da ake kira Black Market, wadda ta yi suna da cinikin waya, ta nuna inda zamani ya karkata. A watan Yulin 2016 kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS, ya daina. Tun daga ranar, duk na'urar da ta mutu ta rage adadin waɗanda suka saura a duniya.

6.0 Abin da Ke Cin Hoto da Kaset

Abijan gari ne na ruwa. Laimar iskarsa takan kai kashi 80 cikin 100 ko fiye a yawancin watanni, alhali masana adana kayan tarihi suna son a ajiye fim da kaset a wuri mai sanyi da laimar da ba ta wuce rabin haka da yawa ba. Zaren kaset leda ce da aka shafa wa garin ƙarfe mai maganaɗisu, aka riƙe shi da wani irin danƙo. Laima takan narkar da danƙon sannu a hankali, zaren ya yi yauƙi, ya manne wa kansa, in an kunna shi garin ya kankare a kan na'ura, hoton ya tafi ke nan. Fumfuna kuma takan yi fari-fari a gefen zaren. Shi ma fim na majigi da nagatif yana da cutarsa: ledarsa takan ruɓe ta riƙa warin tsami, ta motse, ta lanƙwashe, kuma tururin wanda ya kamu yakan gaggauta lalacewar na kusa da shi. Kwafin da aka aika Adar ko Katsina ya tsira daga laima, amma ya haɗu da zafi da ƙura da gara.

Bayan yanayi akwai hannun ɗan'adam. Rikicin da ya ɓarke a watan Satumbar 2002, da wanda ya biyo bayan zaɓe a 2010 zuwa 2011, sun tilasta wa baƙi da yawa barin gidajensu cikin gaggawa, kuma mai gudun ceton rai ba ya ɗaukar albam. Ambaliyar damina da gobarar kasuwa da rusau irin wanda aka yi a wasu unguwannin birnin a 2024 duk suna ƙara rage abin da ya saura. A 2019 hukumar UNESCO, tare da ƙungiyar masu adana sauti da hoto ta duniya, ta yi gargaɗin cewa wajen 2025 kunna kaset mai maganaɗisu zai fara gagara saboda ƙarewar na'urori da kayan gyaransu. Wa'adin ya riga ya cika.

7.0 Waɗanda Aka Ceto

Misalai uku sun isa su nuna yadda ceto yake samuwa. Na farko fim ɗin Treichville ne. Da yake ainihinsa yana ajiye a Faransa, an sabunta shi, an mayar da shi dijital, ya kuma sake fitowa tare da wasu finafinan Rouch a 2017, shekarar cika 100 da haihuwarsa. Na biyu shi ne aikin Paul Kodjo, mai hoton Abijan da ya yi suna a shekarun 1970 da labaran hoto a mujallar Ivoire Dimanche. A 2008 ya danƙa nagatif ɗinsa ga wani mai hoto matashi, Ananias Léki Dago, bayan laima ta riga ta ɓata da yawa daga ciki. Abin da aka tsamo ya isa ya dawo da sunansa kafin rasuwarsa a 2021. Na uku daga ƙasar Hausa yake: fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, wanda aka gina a kan littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ana ɗaukar sa a matsayin ɓatacce, sai a 2016 aka gano gwangwanayensa a ma'ajiyar hukumar finafinai ta Nijeriya. Cibiyar Arsenal ta birnin Balin ta sabunta shi, aka nuna shi a bikin finafinan birnin a 2018.

Dukkan ukun suna da suna, suna da masu nema, suna kuma da wata hukuma ko wani mai kishi da ya tsaya musu. Kaset ɗin sunan jariri da aka ɗauka a wani gida a Adjamé a 1992 ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. In bai sami mai ceto daga cikin gidan ba, ba zai samu daga waje ba.

8.0 Aikin Juyarwa da Ladubbansa

Juyar da kaset aiki ne mai cin lokaci, domin kaset na awa uku sai ya yi awa uku yana juyawa. Ana haɗa na'urar bidiyo mai lafiya, wadda ta san tsarin launin kaset ɗin, da kwamfuta ta hanyar wata 'yar na'ura mai mayar da hoton lambobi. Kaset mai fumfuna ko mai yauƙi ba a kunna shi sai an tsabtace, don kunnawar farko tana iya zama ta ƙarshe. Hoton takarda ana ɗora shi a kan sikana, gaba da baya, a ƙalla da ɗigo 600 a kowane inci, nagatif kuma yana buƙatar ninkin haka sau da yawa saboda ƙanƙantarsa. Ɗaukar hoton hoto da waya ya fi babu, amma turawa ta WhatsApp takan matse shi ta rage masa kyau. Ƙa'idar masu adanawa ita ce kwafi uku, a ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani gari dabam. Ga iyalin da ke rabe tsakanin Abijan da Tawa wannan abu ne mai sauƙi. Ba a kuma zubar da na asali bayan an juya, domin faifai da rumbun kwamfuta su ma suna mutuwa, kuma mutuwarsu ta farat ɗaya ce.

Sai dai juyarwa rabin aiki ce. Hoton da ba a san mai shi ba, ba a san shekara ko wuri ba, ya zama maraya ko da ya fito tar. A nan dabarar da aka bi a fim ɗin Treichville take da amfani ga kowane gida: a zaunar da dattijo ko dattijuwa gaban hoton, a kunna rakodar waya, a bar su su faɗi sunaye da dangantaka da garin asali da abin da ya faru a ranar. Akwai kuma ladabin sirri. Bidiyon biki yana ɗauke da matan gida cikin sha'aninsu, wasiƙar kaset kuma tana ɗauke da bashi da saɓani da maganar aure. Adanawa dabam, yaɗawa a Facebook dabam, kuma ta biyun tana buƙatar yardar masu abin.

Ga ɗalibin harshe, ribar ta wuce ta zumunci. A cikin waɗannan kaset-kaset akwai Hausar yamma kamar yadda aka yi ta a baƙon wuri: "ya zaka" a maimakon "ya zo", "hwaɗi" a maimakon "faɗi", "hulla" a maimakon "hula". Akwai kalmomin aro daga Faransanci irin su lakkwal da kamyo da buro da jandarma, ga lissafin kuɗi da dala da jikka, ga kuma sauyawa daga Hausa zuwa Julanci ko Zabarmanci a tsakiyar hira. Mai nazarin karin harshe ko aron kalmomi ko kirarin maroƙa zai sami magana ta ainihi, wadda ba don shi aka shirya ta ba.

9.0 Kammalawa

An ga yadda 'yan ci-ranin Adjamé da Treichville suka tashi daga hoton sutudiyo zuwa wasiƙar kaset, daga nan zuwa bidiyo da waya, da yadda laima da rikici da mutuwar na'urori suke cin abin da suka bari. An kuma ga cewa abin da ya tsira zuwa yanzu shi ne wanda ya sami mai tsaya masa. Ƙungiyoyin 'yan asalin gari ɗaya da ke Abijan, da fadar sarakunan zango, da sassan nazarin Hausa na jami'o'in Yamai da Sakkwato da Kano da Zariya, suna iya haɗa hannu a kan na'ura ɗaya mai lafiya da sikana ɗaya da littafin rajista. Ranar 27 ga Oktoba ta kowace shekara, wadda UNESCO ta keɓe don tunawa da gadon sauti da hoto, ta dace da buɗe akwatunan. Abu biyu ne ke ƙarewa tare, na'urar da za ta kunna kaset da dattijon da zai faɗi sunan wanda ke ciki, kuma ya kamata a fara da gidan da ke da mafi tsufan mai ba da labari.